Baba Ya Tashi Ya Bar Baƙi a Zaune

'Yan uwana masu bibiyata, yau ba labarin lefe na kawo muku ba, labarin Babana ne, kuma sai da na nemi izininsa kafin na taɓa waya. Ya gyara hula, ya ce in rubuta amma kada in kuskura in sa hotonsa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rumaisa, 'yar Alhaji Muntaka mai shadda a kasuwar Lafiya. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga Kano, garin ya karɓe shi ya zauna, amma har yau in Baba ya buɗe baki sai ka ce jiya ya sauka daga motar Kano. Wanda nake so kuma Luqman ne, mai haɗa sola, ɗan Kwandere, dogo, mai rowar magana. Mun daidaita tsakaninmu tuntuni. Abu ɗaya ya rage, manyansa su zo wurin Baba neman aure, kuma wannan zuwan ne ya so ya gagara.

An sa rana ta farko, Baba ya aika a ɗaga, wai zai je Awe. Bai je ko'ina ba, a falo ya wuni yana canza tasha. An sa ta biyu, ya ce zazzaɓi, alhali ni na kai masa tuwon da ya cinye har ya nemi ƙari. Ta uku ko dalili bai bayar ba. Mahaifin Luqman, Malam Sharhabilu, manomi ne mai zuciya, ya aiko da magana a mutunce cewa in aka sake ɗagawa za su ɗauka an ba su amsa. Ni kuma na san halin gidan, in suka janye babu mai dawo da su.

Za ku ce ai ba uba ke karɓar masu neman aure ba, wurin wani ake tura su. Haka ne. Tun ina goye Baba ya ce aurena na hannun amininsa, Baba Na'Allah, wanda shagonsu ke manne da juna tun suna samari. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ciwon daji ne ya kama shi a furostet, wata 'yar halitta da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara, wadda ni ma a zaman makoki na fara jin sunanta. Tun daga nan Baba ya ce babu wanda zai zauna a gurbin Na'Allah, shi da kansa zai karɓi baƙin. To ga shi kuma ya ƙi karɓarsu.

Babu wanda ban zarga ba. Na ce ko wani ya kai sukar Luqman, na ce ko don su manoma ne, har na ce ko tsawonsa ne bai yi wa Baba ba. Amma gidan kansa ya canza. Baba da ba ya wasa da shayin Umma mai citta da kanumfari ya daina sha. Mutumin da ke rigima a kan sahun farko ya koma salla a bakin ƙofar masallaci. Butarsa ba ta bushewa. Sannan da yake ni ce direban gidan, wata rana ina sharar mota na ci karo da jarka a ƙarƙashin kujera, cike da wani baƙin ruwa mai warin jiƙaƙƙen sassaƙe. Na tambayi Umma, ta ce in bar mutum da kayansa.

Ana cikin haka Luqman ma ya canza min. Saƙonsa dama ba shi da tsawo, sai ya ƙara tsukewa. Na rubuta masa, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Eh." Na ce, "Ka yi kewata?" Ya turo hoton babban yatsa. Ku duba fa, ina tambayar mutum kewa yana turo min yatsa. Na jefa wayar kan gado na juya mata baya, na sake ɗaukowa na rubuta masa cewa in ya gaji da ni ya faɗa a fili, ni ba a dole nake ba.

Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida. Na saka doguwar riga ruwan zuma da baƙin mayafi, na ƙi sa jan baki don ya ga halin da ya jefa ni, amma turare kam na fesa. Muka zauna ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, yana ta murza makullin babur kamar shi ya yi masa laifi. Da ƙyar ya ce zai gaya min wata magana, amma sai na yi alkawarin ba zan yi dariya ba.

Ashe kwanakin baya yana saman rufin wani shago a bayan kasuwa yana ɗaura farantin sola, sai motar masu maganin gargajiya, irin mai lasifika a ka, ta tsaya daidai ƙarƙashinsa. Mai maganin na ta shela cewa duk dattijon da fitsari ke yi wa gardama daji ne ke tafe, amma jarka ɗaya ta ishe shi. Sai ga wani dattijo ya rufe rabin fuska da rawani, ya matso a hankali ya karɓi jarka. Luqman ya gane takalmin. A daidai lokacin sukudireba ta suɓuce masa ta faɗa kan motar, dattijon ya ɗaga kai, suka haɗa ido.

"To me ka yi?" na ce.

"Na gaishe shi."

"Daga saman rufi?"

"Na durƙusa a kan kwano. Ya amsa, ya ce sannu da aiki, ya tafi da jarkarsa."

Alkawarin nan bai yi rai ba, na yi dariya har da hawaye. Washegarin ranar ne Baba ya ɗaga zuwan karo na uku, shi kuma Luqman kunya ta hana shi ko rubuta min dogon saƙo. Amma kafin ya tayar da babur dariyar ta ɗauke min, don na tuna Baba Na'Allah ma da maganar fitsari ya fara.

Na samu Umma a kicin tana ɓarar agushi, na tura ƙofa na jingina da ita. Ba ta wahalar da ni ba, kamar dama jira take wani ya tambaye ta. Ta ce watanni ke nan fitsari na damun Baba, yana yawan zagawa, in ya je ya daɗe yana jira, in ya fito kuma kamar bai gama ba. Wani mai kemis ya ce masa furostet ce ta kumbura. Shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci, abin da ya kumbura yau shi ne zai rikiɗe ya zama daji gobe, kamar na amininsa. Asibiti kuma ya ce ba shi ba zuwa, ai Na'Allah da ƙafarsa ya shiga can. Burinsa kawai ya shanye jarkar nan ya samu sauƙin da zai iya zama da baƙi har a shafa fatiha, don mai gidan da ya tashi ya bar masu neman aure a zaune ya ba su amsa ko bai buɗe baki ba. Abin haushin, ruwan jarkar ƙara tura shi bayi yake yi.

"Yana so ya ga aurenki, Rumaisa," in ji Umma. "Tsoro yake ji, kuma bai saba ba."

Na yi kuka sosai a kicin ɗin nan, ba kukan soyayya ba, na tausayin Babana. Ina ta fushi da shi a kan rana, shi yana can yana lissafin ko zai kai ranar.

To wa zai yi masa magana? Ni dai ba zan iya tsayawa gaban Baba in ambaci fitsarinsa ba, gara ƙasa ta tsage in shige. Luqman suruki ne, ya ce ya fi masa sauƙi ya koma saman rufin ya diro. Umma ta yi har ta gaji. Sai Luqman ya tuna da baffansa Ɗanmusa, yayan mahaifinsa. Su asalinsu Zazzagawa ne da noma ya zaunar a Kwandere, kuma kun san tsakanin Bazazzage da Bakano akwai wasan da ba a fushi da shi. Maganar da ɗa ba zai iya faɗa a ɗaki ba, abokin wasa zai faɗe ta a tsakiyar kasuwa a yi dariya. Daɗin daɗawa, Baffa Ɗanmusa ya daɗe yana shan maganin asibiti a kan irin wannan lalurar, kuma shi ba ya ɓoye ta, kowa a Kwandere ya sani har da wanda bai tambaya ba.

Ranar Asabar ina shago ina taya Baba jera atamfa sai ga wani gajeren tsoho, babbar riga shuɗiya da ta sha wanki, hula a karkace, da baƙar leda a hannu. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce ina bawansa Bakano. Baba ya dube shi sama da ƙasa, da ya ji ko wane ne sai na ga fuskarsa ta saki, abin da na daɗe ban gani ba. Ya ce tun yaushe Bazazzage ya waye har yake shiga shagon shadda. Suka yi ta yi, ni ina bayan atamfa ina cusa mayafi a baki.

Can sai Baffa ya miƙa masa ledar. "Riƙe min nan. Asibiti za ni, likitan fitsari zai duba ni, kuma ubangida ba ya ɗaukar kaya ga bawansa a tsaye."

Baba ya karɓi ledar. Baffa bai ko kalle shi ba, ya ci gaba da shafa wata farar shadda yana ba da labarin yadda shi ma a da ba ya iya gama kunya ɗaya a gona bai zaga ba. Ya ce da abin ya ishe shi ya tara iyali ya yi wasiyya, har ya rarraba awakinsa, sai likita ya ce kumburi ne kawai, ya koma yana bi gida gida yana karɓo awakin, wani ƙaninsa ma har ya riga ya yanka nasa. Baba ya yi dariya, sannan ya sassauta murya ya ce ai kumburin shi ke komawa ɗayan.

"Wa ya gaya maka?" in ji Baffa. "Zo ka ji daga bakin masu abin. Ni rakiya na ce ka yi min, ban ce kai za a duba ba."

Baba ya dubi ledar da ke hannunsa, ya dube ni, ya ce in kawo mota.

Asibitin ba shi da nisa. Suka shiga, ni na zauna a benci ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wata mata da ke gefena, da zani ɗaure a kan siket, ta dube ni ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Babanka ne? Ka gode Allah ya zo da ƙafa. Namu sai da fitsari ta tsaya gaba ɗaya muka ɗauko shi a keke, wahala sosai." Ina zaune na ga an wuce da Baba wurin ɗibar jini, daga nan ɗakin hoto, ɗan rakiya ya zama mai gayya. Da suka fito Baffa na ta murmushi, Baba na tafiya a miƙe kamar soja, ba ya kallon kowa.

A mota Baffa ya shige gaba, wai nan ne wurin ubangida, ya shiga juye min duk abin da Dakta Terngu ya faɗa, har da kwaikwayon Hausarsa.

"Ya ce, Alhaji, kumburi daban, daji daban. Gida ɗaya suna zama, amma wannan bai haifi wannan ba. Maza da yawa in shekara ya tafi, abin nan zai girma ya matse hanyan fitsari, shi ke nan wahala. Ba ya juyawa ya zama daji."

Na manta Baba na baya, na ce to me ya kawo ɗibar jini? Baffa ya ce saboda alamun sukan yi kama, kuma mutum ɗaya na iya samun duka biyun, babu mai bambance su da ido ko da jin labari. Abin da ya fi ba shi mamaki, likitan ya ce dajin nan a farkonsa sau da yawa ba ya nuna komai, mutum na cin tuwonsa lafiya lau, kuma a lokacin ne aka fi samun nasarar maganinsa. Shi ya sa ake son namiji in ya manyanta ya je a duba shi ko ba ya jin komai. Daga nan ya ɗauko bayanin wani gwaji da likita ke sa safar hannu, sai Baba ya yi gyaran murya daga baya ya ce, "Ɗanmusa, yarinya na tuƙi." Na leƙa madubi in ga ko ya yi fushi, na ga yana goge ido da bakin riga.

Kwanakin jiran sakamako ba na so in tuna su, ko waƙar da Luqman ya turo min ban buɗe ba. Da suka koma, likita ya ce kumburi ne, bai ga abin da ke nuna daji ba. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage shayin yamma amma kada ya ƙi shan ruwa, ya dawo bayan wasu watanni a sake duba jinin, kuma ya yi haƙuri don maganin ba na kwana ɗaya ba ne. Umma ta tuttular da jarkar a kwata tana toshe hanci. Baba da kansa ya ɗaga waya ya ce wa mutanen Kwandere su zo.

Ranar, tun safe gidan ke ƙamshin turaren wuta da miyar agushi. Umma ta daka sakwara, na haɗa zoɓo da kunun aya, na shiga na saka leshina ruwan goro na kafa ɗauri kamar da wanda zai gan ni. Da yake Baba ne da kansa zai karɓe su, Malam Sharhabilu ya ce girmamawa ita ce shi ma ya zo da kansa. Suka iso da Baffa Ɗanmusa da wasu dattawa biyu, Luqman ya tuƙo su a motar aro ya maƙale a waje. Ni da Umma muka laɓe bayan labulen da ya raba falo da cikin gida, kowace na ture 'yar uwarta.

Aka gaisa, aka taɓa maganar damina da tsadar taki, aka sha zoɓo. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya fara jawabi, kuma bawan Allahn nan tun daga kakan kakan Luqman ya ɗauko. Ina kallon ƙafar Baba ta fara motsi a kan darduma, na san motsin nan. Dattijo ya zagayo, ya zagayo, ya iso inda ake jira, ya ce sun zo nema wa ɗansu Luqman auren Rumaisa. Daidai nan Baba ya miƙe tsaye.

Fuskar Malam Sharhabilu ta canza, na ga ya fara tattara bakin rigarsa. Umma ta damƙe hannuna har awarwaro ya shige min fata. Na ce shi ke nan, aurena ya tashi tare da Baba.

Amma bai nufi ƙofa ba. Ya tsaya a tsakiyar falo, mutumin da ya rufe fuska da rawani don kada a gan shi, ya ce, "Malam Sharhabilu, kada ka ɗauki tashina amsa. Zagawa zan yi. Furostet gare ni, ta kumbura, ina shan magani. Ita ta sa na yi ta ɗaga muku rana, ba ɗanku ba. Ku ɗan jira ni."

Baffa Ɗanmusa ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce a ba shi buta shi ma, bawa ba ya riga ubangidansa. Dariya ta ɓarke, har dattijon mai dogon jawabi ya ce in da buta ta uku a ajiye masa. Malam Sharhabilu ya saki bakin rigarsa.

Da Baba ya dawo ya zauna, bai ja magana ba, ya ce ya ba su. Na zame ƙasa da leshina da ɗaurina. Umma na shirin rangaɗa guɗa sai muka ji ya ce da sauran magana.

"Yara za su je gwajin jini kafin aure, kowa ya yarda da wannan. To mu iyayen ma za mu je. Wanda ya kamata ya zauna nan ya ba ku yarinyar nan yana kabari, ya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa. Ba na so jikokina su tashi babu kakanni. Malam Sharhabilu, ba zan tsayar da ranar biki ba sai an duba ka."

Malam Sharhabilu ya ce shi lafiyarsa ƙalau, tun da aka haife shi allura ba ta taɓa jikinsa ba, jiya ma shi ya wuni yana huɗar doya. Baba ya ce ai likitan ya ce irinsu ma yake nema. Aka shafa fatiha, aka ci sakwara, suka yi sallama, mutumin nan bai ce eh ba bai ce a'a ba.

'Yan uwana, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. An ba da ni, amma ranar bikina ta koma hannun mutumin da bai san zafin allura ba. Na shiga ɗaki na cire ɗaurin, na zauna bakin gado na rubuta wa Luqman, "Me babanka ya ce?" Shiru. Na sake rubutawa, "Ko yatsan ne ka turo." Shiru, mutum na tuƙi. Ina jiyo Baba a tsakar gida yana neman shayi, Umma na ce masa likita ya hana na yamma.

Ana kiran magariba wayar ta yi ƙara, saƙon Luqman ne.

"Tun daga ƙofarku bai ce uffan ba. Baffa ya tsokane shi har ya gaji. Da muka shiga Kwandere ya bari kowa ya sauka, ya matso kusa da kunnena ya ce, wannan likitan na surukinka, ranar Litinin yana zama?"

Na karanta na sake karantawa, na fita tsakar gida da gudu ko ɗankwali babu, ina kiran Baba.